Yadda Muka Kashe Aikin Shekara Biyu a Jos

A zamanin da na fara zanen ƙwayoyin lantarki, baƙaƙen nan masu ƙafafu da ke cikin rediyo da waya waɗanda masu gyara ke ce wa ai-si, abin ba shi da laulayi. Bolt biyar muke ba su, su ci su ƙoshi, su yi zafi kamar dutsen guga. Na sha jefa su a aljihu tare da goro da makullin gida, in ciro in maƙala su kama aiki. Yanzu yara na zana waɗanda rabin bolt ya ishe su, wato sulusin ƙarfin batirin tocila guda, kuma irin waɗannan ba a taɓa su da hannu haka kawai. Sana'ar ta yi nisa ta bar mu a baya. Abin da bai motsa ko taku ɗaya ba shi ne halinmu a wurin taro. Ku da kuke ta tambayata yaya Jos, ga amsarku, kuma ku yi haƙuri, da ɓacin rai nake rubuta ta.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Gangaren Tudu a Keffi, mu uku a tsohuwar motar maƙwabcina. Tsohon hedimasta ne, ɗan ƙabilar Mada daga Akwanga, Kirista, katangarmu ɗaya shekara talatin da ɗoriya. Na fito daga masallaci na tarar ya riga ya ta da mota yana danna mini ham, wai mu ba ma gajarta addu'a ko da tafiya a gabanmu. Na ce ya bari ranar Lahadi in tsaya masa a ƙofar coci da agogo a hannu. 'Yarsa ta biyu na zaune a baya, ta rungume kwali a cinya kamar mai jego. Don ita muke tafiyar.

Bari in gaya muku abin da ke cikin kwalin. Yarinyar nan injiniyar lantarki ce, tana koyarwa a wata makarantar fasaha, kuma shekara biyu ta yi tana zana ƙwaya ɗaya. Aikin ƙwayar mai sauƙin faɗi ne: a ɗinke ta a cikin buhun riɗi ko na masara, ta riƙa ƙirga awa nawa buhun ya yi cikin laima, don manomi da ɗan kasuwa su sani tun hatsi bai yi funfuna ba. Wahalar ita ce wuta, domin ba wanda zai farke buhu ya canja batir. A cikin ƙwaya akwai dubban 'yan ƙofofi da ake kira tiransisto, kowace ko a buɗe take ko a rufe, i ko a'a, da haka ake yin duk lissafin. Da bolt biyar, i da a'a ihu ne, daga nesa ma ana bambancewa. Da rabin bolt raɗa ce. Zafin rana ya ɗan ƙaru, sai i ta koma a'a. Ƙofar da aka rufe kuma ba ta rufuwa ruf, wuta na zurarewa ta ƙarƙashinta a hankali har batir ya ƙare ba a yi aikin komai ba. Toshe wannan yoyon, ƙofa bayan ƙofa, shi ya cinye mata shekara biyun.

Ni ta riƙa kawo wa zanen ina dubawa a zaurena, tunda na yi karatun a Jamus, na yi aikin shekara tara a Maleshiya, na ɗan taɓa a Indiya kafin in dawo gida in zauna. A kan abu ɗaya muka yi gardama, har mahaifinta ya leƙo ta katanga ya ce mu rage murya. A bakin kowace ƙafar ai-si ana sa mai gadi, wani ɗan zane da ke shanye tartsatsin jikin mutum, wannan ɗan tsat ɗin da kan harbe ka idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar roba. Mai gadin nan yana cin wuta ko ba ɓarawo. Ta lissafa ta ga shi kaɗai zai ci fiye da abin da sauran ƙwayar ke ci, sai ta rage shi ƙwarai a ƙafafu biyun da ke jin laima. Na ce kasada ce. Ta ce, “Baba, a cikin buhu za ta zauna, a lulluɓe da roba. Wa zai taɓa ta?” Na bi lissafinta sau biyu ban ga kuskure ba, na ƙyale ta.

Ba mu da masana'antar da ke buga irin wannan a ƙasar nan. Zanen ya tafi ƙasar waje, aka haɗa shi da na wasu ɗalibai aka buga su a faranti ɗaya, bayan wata bakwai ya dawo guda goma. Biyu sun zo a mace. Shida ta ƙone su da gangan wurin gwaji tana neman iyakarsu, haka aikin ya gada. Saura biyu, ɗaya a kan allon gwaji, ɗaya a ledarta ta musamman mai kare tartsatsi. Wata gidauniya ce ta shirya baje kolin ayyukan matasa a Jos, za ta zaɓi uku ta ɗauki nauyin ci gaba da su. Sharaɗin ɗaya ne: alƙalai su ga abin yana aiki da idonsu.

Daga Keffi zuwa Akwanga hanya ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. A da in za ka Akwanga sai ka nemi gafarar iyali, yanzu tagwayen titi ne sumul, ka biya kuɗin hanya ka wuce. Amma titi mai kyau bai gyara direba ba. Tun kafin Garaku muka yi kiciɓis da tifa cike da yashi ta biyo hannunmu, fitila a kashe, don kawai direban ba zai iya zagayawa ya juya a inda aka tanada ba. Maƙwabcina ya kauce ya zage shi da Mada, ni na ƙara masa da Jamusanci, yarinyar ta ƙara ƙanƙame kwalinta.

A Akwanga muka karya da gasasshiyar doya da manja da yaji. Ni na fara zuwa wurin mai doyar da babbar rigata da hulata, ta faɗa mini kuɗi, na ce ko da gonar take sayarwa? Maƙwabcina ya zo ya gaishe ta da yarensu, ya tambayi gidan su wa take, ashe ya koyar da yayanta a firamare. Nan take kuɗin ya sauko, aka ƙara mana ƙuli-ƙuli kyauta. Duk da haka rabin doya ya kai kuɗin da bara za ka sayi guda. Na ci a Kuala Lumpur, na ci a Alƙahira, amma doyar Akwanga mai zafi da sanyin safiya ban ga abin da ya kama ƙafarta ba.

Daga nan daɗin ya ƙare. Hanyar da ta nufi Jos ramuka ne da aka ɗan yayyafa wa kwalta a tsakani. Shingen bincike kuwa na ƙirga har na gaji. A ɗaya daga ciki wani mai bindiga ya leƙo ya ce a buɗe kwalin. Yarinyar ta sauko da kanta, ta buɗe, ta ɗaga ledar ta nuna masa ta ciki, ta gaya masa da Turancin kasuwa cewa ya kalla iya son ransa amma kada ya sa hannu, in ya taɓa ta mutu. Mutumin ya mayar da hannayensa baya kamar ɗan makaranta, ya leƙa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Da muka wuce na yaba mata. Ta ce, “Baba, waɗannan zan iya da su. Manyan nake tsoro. In babba ya miƙo hannu, ban san yadda zan ce masa a'a ba.” Na ce, “'Yata, ki bar mini manya. Ke ki ji da wayoyinki, ni zan ji da su.” Da bakina na faɗa, mahaifinta shaida ne.

A garin Forest muka sayi ayaba ta taga, mata na rige-rigen cusa mana tire har cikin mota. Sai Hawan Kibo, inda tireloli ke rarrafe suna tuƙa hayaƙi, gawarwakin 'yan'uwansu na kwance a gefen kwazazzabo ba mai ɗaukewa. Na hau duwatsu a ƙasashe da dama, ko'ina akan yi wa babbar mota layinta na hawa da wurin tsayawa idan birki ya ƙwace. Mu addu'a muka tanada. Muna kaiwa sama iska ta canja, sanyi ya shigo, leɓɓana suka bushe. A Bukuru muka tsaya shan mai, na kama ƙofar mota, tsat, ta harbe ni har gwiwar hannu. Na juya na ce mata iskar garin nan busasshiya ce, ta yi hattara. Ta ce ta ji. Kun ga ke nan ban da uzurin mantuwa.

An rubuta ƙarfe goma sha ɗaya a katin gayyata, mun isa da saura kwata. Zauren wani otal ne, kafet daga bango zuwa bango, kujeru sanye da rigunan roba masu sheƙi, na'urar sanyaya ɗaki na busa iska a garin da ba ya buƙatarta. In da an ce in zana ɗakin da zai cika jikin mutum da tartsatsi, haka zan zana shi. Ta shimfiɗa tabarmar aikinta a kan tebur, ta ɗaura igiyar da ke sauke tartsatsi a wuyan hannunta, ta jona allon da ɗan gilashin da ke nuna lamba. Ta zuba riɗi a kwano, ta tura 'yar wayar da ke jin laima ciki, ta fesa ruwa. Lamba ta motsa. Da batirin agogon hannu abin ke aiki. Na daɗe ban ji abin da na ji a ƙirjina lokacin ba. Mahaifinta ya ciro hankici yana goge tabarau da bai yi datti ba.

Ta rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, cewa don Allah kada a taɓa, ta jingina a gaban allon. Ba a jima ba mai tsara taron ya zo, wani mai kwat da waya biyu a hannu, ya ce ta cire, bai dace manyan baƙi su zo su tarar ana ba su umarni ba. A masana'antar da na yi aiki a Penang ta Maleshiya na taɓa ganin wata ma'aikaciya da ba ta kai ashirin da biyar ba ta tare wani babban jami'in gwamnatinsu a bakin ƙofa, ta sa ya tuɓe kwat ya sa rigar aiki, ya ɗaura igiya a diddige. Mutanen can sun fi mu iya rusuna wa manya, amma ta ce masa ya dakata cikin ladabi, ya dakata, ba wanda ya ga abin magana. Wannan labarin na sha ba wa ɗalibai. Ina sane da shi na ce mata, “Cire kawai, ai ina nan.”

Ban kasance nan ba. Wani ya gane ni, aka zo aka janye ni zuwa babban tebur, aka ajiye mini ruwan roba da faranti mai cincin. Sai ƙarfe biyu babban baƙo ya iso. Awa uku yara na tsaye a bakin teburansu, ba wanda ya ce su zauna. Aka buɗe da addu'a biyu, aka gabatar da kowa da kowa da saraututtukansa da digirorinsa, aka yi jawabi bakwai, kowanne yana cewa matasa su ne gobenmu. Na ƙirga, ba mai jawabi ɗaya da ya ambaci sunan aiki ɗaya daga cikin waɗanda ke jere a gabansa.

Babban baƙon kuwa ashe na san shi. Ƙanena ne a sakandare, aji biyu na ba shi, ni na koya masa ninke bargo a ɗakin kwana. Yana ganina ya rungume ni, ya karɓi makirfo ya gaya wa jama'a cewa ga yayansa, ga malaminsa, ga mutumin da ya ɗaga sunan ƙasar nan a waje. Aka tafa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Da aka tashi zagayen tebura ya kama hannuna da na hagunsa bai saki ba, muka jera, shaddarsa mai sitaci na ƙara, takalmansa na jan kafet, mutum talatin na biye da mu.

Muka iso teburinta. Ta rusuna ta gaishe shi, ta yi bayani a taƙaice, ta fesa ruwa, lamba ta motsa. Ya yi murna, kuma murnarsa ta gaskiya ce.

“Ikon Allah! To ina mai yin lissafin? Wannan gilashin ne?”

“A'a, ranka ya daɗe, ga ta nan, 'yar baƙar nan. Ga kuma 'yar'uwarta.”

Ta ɗaga ledar da hannu biyu don ya gani ta ciki. Mai kwat ya karɓe.

“Haba, ya za a nuna wa Mai Girma abu a leda kamar gyaɗa?”

Ya yage bakin ledar, ya juye ƙwayar a tafin hannun babban baƙo.

Kun san al'adarmu. In yaro ya yi abin kirki ba a barin babba ya kalla daga nesa, sai ya riƙa ya sa albarka. Haka muke yi wa jariri ranar suna, haka muke yi wa takardar kammala karatu da makullin sabuwar mota. Al'ada ce mai kyau, ni ma hannuna ya sa albarka a abubuwa da yawa. Ya jujjuya ta da babban yatsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa wa wata Hajiya mai leshi. Ta murza ƙafafun ta ce kamar ɗan kunne, ta miƙa wa wani Fasto. Ya dunƙule ta a hannu ya rufe ido ya yi addu'a, ya miƙa wa wani Malam, shi ma ya yi tasa ya tofa. Haka ta yi ta zagayawa, hannu shida na ƙirga.

Yarinyar ta juyo gare ni. Ido kawai ta zuba mini.

Na buɗe baki. Ga mutum talatin, ga masu ɗaukar hoto, ga mutumin da bai fi minti goma da kirana yayansa a gaban duniya ba, hannunsa na cikin nawa da ɗumi. Sai na yi wani lissafi a raina, wanda har gobe ina jin kunyarsa: wannan ta ajiya ce, ta kan allo na nan lafiya, ita alƙalai za su gani, me zai sa in kunyata mutum? Na rufe bakina.

Mai hoto ya durƙusa ya ce, “Yallaɓai, a ɗan nuna ta kan allon da yatsa. A matso. A ɗora a kai, yallaɓai, ya fi fitowa.”

Ya ɗora. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wari. Lambar da ke kan gilashin ta tsaya, ta dusashe, ta ɓace. Ba wanda ya lura sai mu biyu. Aka tafa, ya ja hannuna zuwa tebur na gaba, inda wani saurayi ke nuna murhu. Na bi shi.

Sai da aka tafi cin abinci na zare jiki na dawo. Na tarar ta cire matacciyar ta sa wadda aka sa wa albarka. Ita ma shiru. Ta auna, ƙwayar da ɗazu ke lasar wuta kaɗan-kaɗan yanzu zuƙa take kamar ƙwan fitila, alamar tartsatsi ya huda ta ciki. Na karɓi ma'aunin na sake aunawa kamar hannuna zai canja wani abu. Mahaifinta na tsaye yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Alhaji, ba ta gyaruwa?” Na ce ba ta gyaruwa. Abin da ya lalace ya fi gashin kai siranta sau dubbai, kuma yana binne a ciki.

Alƙalai uku suka zo da takardunsu. Ta nuna musu zanen a kwamfuta, ta nuna sakamakon gwajin da ta yi a gida. Ɗaya daga cikinsu, matashi, ya gane nan take, ya tambaya wa ya taɓa, da ya ji sai ya sunkuyar da kai. Shugabansu ya ce ya yarda da ita, amma sharaɗi sharaɗi ne, sai sun gani da ido. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ƙona mini rai wani ne a bayana, da cinyar kaza a hannu, ya ce wa abokinsa, “Ai kayan gida haka suke, ba ƙwari. Daga taɓawa sai mutuwa.” Wallahi da ƙyar na riƙe kaina. Abin da ƙasashen da muke sha'awa ke kashe dukiya su samu, yarinya ta yi shi a ɗaki ɗaya a Keffi da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, muka kashe shi da hannunmu, sannan muka ce ba ƙwari.

Da fushin nan na bi babban baƙo har bakin motarsa. A lokacin ne bakina ya buɗe, bayan ba sauran amfani.

“Ranka ya daɗe, yatsanka ya kashe aikin yarinyar nan. Shekara biyu.”

Na yi masa bayani a gurguje. Na zaci zai ɓata rai ko ya ce a kira wani ya ji da ni. Sai na ga fuskarsa ta faɗi.

“Subhanallahi! Yaya, kana tsaye a wurin fa. Hannuna na cikin naka. Ko matsa shi ka yi ai da na tsaya. Me ya hana ka gaya mini?”

 Ya sa aka kira ta, ya ba ta haƙuri a gaban mutanensa, ya ce bari ya yi wa alƙalai magana a sa sunanta. Ta rusuna ta ce, “Na gode, ranka ya daɗe, amma a bari. Ba su ga tana aiki ba. Waɗanda nasu ya yi aiki su ya kamata a ba.” Ya daɗe yana kallonta kafin ya shiga mota.

A Bukuru muka kwana, gidan ƙanwar maƙwabcina. Ta yi mana gwaten acca mai zafi da yakuwa, abincin da nake marmari tun daga Keffi, na ci ban ji ɗanɗanonsa ba. Da safe muka cika but ɗin mota da dankalin Turawa da kabeji da karas, domin mutumin Keffi ba ya dawowa daga Jos hannu sake, ko daga jana'iza ya fito. Su ma sun yi tsada, amma ban iya ko tayawa ba.

Muka sauko Hawan Kibo. Maƙwabcina, wanda bai taɓa yin minti biyar bai tsokane ni ba, ya riƙe sitiyari kamar yau ya fara tuƙi. Sai da muka wuce Akwanga, ba mu ko tsaya wa doya ba, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, “Alhaji, shekara talatin da biyar ina koya wa yara su durƙusa wa manya. Ban taɓa koya wa ko ɗaya yadda zai ce wa babba ya dakata ba. Ba kai kaɗai ba ne.” Na gode masa, amma ban karɓa ba. Shi bai san abin da tartsatsi ke yi ba. Babban baƙo bai sani ba, Hajiya da Fasto da Malam ba su sani ba, mai kwat ma jahilcinsa ya yi da zuciya ɗaya. A duk zauren nan mutum biyu ne suka sani, ɗaya tarbiyya ta ɗaure mata baki, ɗayan ya yi alkawarin yin magana a madadinta ya sayar da alkawarin don an yabe shi a makirfo.

Ita kuwa tun daga Forest take zane a bayan katin gayyatar, duk da ramuka. Dab da Garaku ta ɗago.

“Baba, zan mayar da mai gadin. A kowace ƙafa, cikakke.”

Na ce lissafinta na farko daidai yake, in ta mayar batirin zai rasa kusan rabin kwanansa.

“Na sani. Na zana wa buhu ne, ban zana wa mutanenmu ba. Ko a kasuwa ma sai an ba Sarkin kasuwa ya riƙa.” Ta ninke katin. “Kuma Baba, don Allah kada ku ji haushi. Wani karon ni zan yi magana.”

Na ce ban ji haushi ba. Na ji, amma ba nata ba.

Ana kiran azahar muka shigo Keffi, zafi ya mare mu tun daga bakin gari, 'yan acaɓa na ta ratsa mu hagu da dama. Uwargidana ta taro ni a tsakar gida tana tambaya ko an ci nasara, na ce ta sa a shigo da dankali, labarin sai na huta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Na zagaya duniya ina dawowa ina zagin hanyoyinmu da wutarmu da manyanmu, kuma har yanzu ina kan bakana a kan ramukan hanyar Jos da awa ukun da aka tsayar da yara. Amma ba rami ne ya kashe ƙwayoyin nan ba, ba kuma girman kan babba ba. Mai ilimin da ke tsaye kusa da babba ya yi shiru, shi ya kashe su, kuma irinmu muna da yawa a kowane babban tebur a ƙasar nan. Idan kana wurin da ka san abin da babba bai sani ba, faɗa masa a lokacin shi ne girmamawar.

Sabon zanen ya yi nisa, yana da mai gadi a kowace ƙafa, kuma haka zai zauna. Sai baɗi za a sami faranti na gaba da za a buga shi, in an samu mai ɗaukar nauyi. Har yanzu tana leƙowa da safe ta ce Baba ina kwana, tana kawo mini zanen in duba mata lissafi, ina dubawa. Amma makon jiya da shugabannin makarantarsu suka je ganin ɗakin gwajinta, ba ta aiko a kira ni ba. Mahaifinta ne ya ba ni labari ta katanga cewa ta tsayar da su a bakin ƙofa har sai da kowa ya ɗaura igiya a hannu. Ba ta ƙara ba ni amanar yin magana a madadinta ba, kuma ba za ta ƙara ba.